Gishirin Luton

Ƙarfe huɗu na yamma, duhu ya riga mu shiga Luton.
Rumasa'u ta dawo makaranta, safa a jiƙe, hanci na yoyo,
ta yar da jaka a bayan ƙofa:
"Baba, an ba mu aiki. Kofin gilas biyar nake so, da cokali,
kuma ka tare min Umma, kada ta ce ina ɓarnatarwa."

Na ce, yi maza, ina da aikin dare.
Ta jera su a bakin taga kamar 'yan makarantar da suka makara.
Na farko ta ba shi sukari, ta juya, ta juya,
ya ɓace kamar albashi ranar biyan haya.
Na ce, ina ya tafi? Ta ce, "Kurɓa."
Zaƙi har gindin harshe.
"Yana ciki, Baba, ya watse ne ƙanana, ido ba ya kai musu.
Shi ne mai narkewa,
ruwan da ya karɓe shi kuwa, mai narkarwa."

Ta gwada da ruwan famfo, sukari ya yi ta nawa.
Ta gwada da na buta, kafin ta ƙirga goma ya sallama.
Zafi ɗan aike ne mai sauri, in ji ta.
Na leƙa cikin butar, ga farin ɓawon nan da Umma ke kankarewa tana mita.
Ashe allin tuddan garin ne, ruwa ya goyo shi a ɓoye,
sai an tafasa yake saukewa.

Yashi daga tukunyar fure ya nutse ya kwanta,
ko kallon cokali bai yi ba.
Man gyaɗa ya hau sama ya harɗe, wai shi ɗan gidan wasu ne.
Ta ɗiga sabulu, ta girgiza, suka cakuɗe fari fat.
Na ce, ya narke! Ta girgiza kai:
"Sulhu aka yi musu kawai, wannan ba shi ne narkewa ba.
Kowa da wanda yake amincewa."

Kofi na biyar, gishiri.
Cokali ɗaya, biyu, bakwai, na daina lissafi,
can sai ga shi jibge a ƙasa, ya ƙi tafiya.
"Ruwan ya ƙoshi," ta ce, tana rubutawa da fensir mai cizon haƙori.
Umma daga ɗaki ta ce, to, shi ma ya san kunya,
ba kamar wasu masu tuwo ba, da ba sa ƙoshewa.

Na tuna maganar kakata a Malumfashi:
gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana,
ran da ruwa ya zo, shi zai ji kunya.
Na faɗa mata. Ta ce, "Sake faɗa, a hankali,"
ta rubuta a gefen takarda, ƙarƙashin sunan Misis Aldous.
Ta tsiyayi ruwan gishirin a faranti,
ta ɗora kan hita, ta tafi kwanciya tana hamma, ba sallamawa.

Ni kuwa na hau babbar motata mai fitila ruwan lemo,
na bi tituna har asuba ina watsa musu gishiri.
Shekara shida ina wannan aiki,
yau ne na kalli ƙwayoyin suna faɗawa kan ƙanƙara,
suna lasar ɗan danshin da ke samanta, suna shigewa,
ruwan ya zama mai gishiri, ya ƙi daskarewa.

Na dawo da safe, takalmina ya bushe da farin zane a gefe.
Tana tsaye gaban hita da rigar barci,
farantin a hannunta, babu ɗigon ruwa,
sai 'yan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu suna ƙyalli.
Ta dangwala da yatsa, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.
"Ka ce wa kakarka kunyar ba ta daɗewa.
Ga shi nan ya dawo, yana jiran a sake zubawa."